Saƙo ya fi arba'in, mutum uku suka zo duba mahaifiyata

TAMBAYA: Gwaggo, ina cikin Zumuntar Mata a majami'armu a nan Katsina. Mahaifiyata ta kwanta asibiti kwana tara. Na sanar a zaurenmu na WhatsApp, saƙon "Allah ya ba da sauƙi" ya fi arba'in, amma mutum uku ne suka tako. Raina ya ɓaci. In fita daga zauren?
— 'Yarki daga Ƙofar Ƙaura

AMSA: Sannu da jinya, 'yata. Ɓacin ranki yana kan hanya, amma kada ki fita.

Wayar nan ta yi mana rana. A 2020, da korona ta sa aka rufe majami'u da masallatai, ta waya muka riƙa jin wa'azi. A Satumban 2021 kuma, da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jiharmu saboda 'yan bindiga, har da Malumfashi da Funtuwa, na yi makonni ban ji muryar ƙanwata ba. Na san zafin rashin waya.

Sai dai ta koya mana wani hali. Mace ta tura hoton hannuwa biyu a haɗe, zuciyarta ta ce mata ta sauke nauyi. Alhali Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Lokacin da maigidana ya rasu, na manta kalmomin da aka faɗa mini kaf. Abin da ban manta ba, wata dattijuwa ce da ta shigo da kwanon kunun tsamiya, ta shimfiɗa tabarma kusa da ni, ta riƙe hannuna har rana ta faɗi. Ko "yi haƙuri" sau ɗaya ta ce.

Manzo Yohanna ma, a ƙarshen wasiƙarsa ta biyu a Littafi Mai Tsarki, ya nuna yana da magana da yawa, amma ya fi son ya zo a gana ido da ido maimakon takarda da tawada.

Akwai kuma abin da ke damuna fiye da wannan. Iyayenmu mata masu ƙaramar waya, da waɗanda kuɗin data ya fi ƙarfinsu, ba sa cikin zauren. Su ne kuwa masu zuwa dubiya. Ina kyautata zaton da yawansu ba su ma ji Mama ta kwanta ba, tun da aka rage faɗar irin wannan da baki bayan sujada.

Ranar taron zumunta, ki tashi ki faɗi abin da ya same ki, ba da faɗa ba, ba kuma ambaton suna. Ki roƙi shugabar mata, duk sanarwar ciwo ko rasuwa da ta shiga zauren, a rubuta a ƙarƙashinta wa zai je, yaushe, a kuma maimaita ta ran Lahadi. Ukun nan da suka zo, ki bi su gida ɗaya bayan ɗaya ki yi godiya.

Ki gaishe mini da Mama da jiki.