Amsa: wai annoba ce ta share ƙauyen Wharram Percy?

Malam, ka ce ka ji wai annobar 1348 zuwa 1349 ce ta gama da mutanen Wharram Percy a Ingila har ya zama kufai. To gaskiya ba haka bane. Annobar ta taɓa su sosai, amma ƙauyen ya ci gaba da rayuwa fiye da shekara 100 bayan nan. Abin da ya kashe shi tumaki ne wallahi, ulu yayi tsada sai masu ƙasa suka ga kiwo ya fi musu noma riba, wajen shekarar 1500 aka tashi sauran iyalan aka maida gonakin makiyaya.

An san wannan ne saboda masu binciken tarihi biyu, Maurice Beresford da John Hurst, sun yi ta tono a wurin daga 1950 har 1990, suka gano harsashin gidajen manoma dogaye, da madatsar ruwan injin niƙa, da ƙasusuwan mutane sama da 600 a maƙabartar cocin St Martin. Ni ƙasusuwan nan sun fi ɗaukar min hankali, don sun nuna yara basa samun isasshen abinci, girmansu na tafiya a hankali.

Shi kuwa cocin bai mutu da ƙauyen ba fa, don ba na Wharram kaɗai bane, har mutanen Thixendale da sauran ƙauyukan gundumar nan suke zuwa ibada da binne mamatansu a wancan lokacin. Hasumiyarsa sai 1959 ta rufta.