Hukuncin Zana Dabbobi da Mutane da Allin Launi da Baje Kolin Zanen

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni mazaunin Damagaram ne, a unguwar Zango, ina koyar da zane a makarantar boko. Idan na tashi daga aiki nakan yi zane da allin launi da ake kira fastel a kan manyan takardu, wasu sun kusa tsayin mutum. Abin da na fi zanawa shi ne shanu da tumaki da raƙuma, da makiyaya, da mata masu tallar nono da nake gani a kasuwa. Yanzu abokaina sun ba ni shawara in baje kolin zanen a wani zaure cikin gari, jama'a su shiga su gani, mai so ya saya. Da baffana ya ji labari sai ya kira ni ya ce in ƙone su duka, wai masu zane su ne mafi tsananin azaba ranar alƙiyama, kuma mala'iku ba sa shiga ɗakina. Tun ranar hannuna bai sake taɓa alli ba. Malam, mene ne hukuncin wannan zane? Ya halatta in nuna shi ga jama'a? Kuɗin da zan samu halal ne?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka dakata har ka tambaya. Amsar a taƙaice ita ce: a mashhurin mazhabar Imamu Malik, wadda a kanta malaman ƙasar nan suka tashi, zanen mai rai a kan takarda ba haramun ba ne, makaruhi ne idan za a rataye shi, kuma kuɗinsa halal ne. Amma akwai abubuwan da ke shiga cikin zanen su mayar da shi haramun ba tare da saɓani ba. Sannan mafi yawan malaman sauran mazhabobi uku sun haramta shi tun daga tushe, don haka baffanka ba da ka yake magana ba.

Hadisan da ya kafa hujja da su ingantattu ne. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'ud cewa masu yin sura su ne mafi tsananin azaba a wurin Allah ranar alƙiyama. Sun ruwaito daga Ibn Umar cewa za a ce musu su rayar da abin da suka halitta. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta rataya labule mai surori, Manzon Allah (SAW) ya shigo ya gani, fuskarsa ta canza, ya yage shi, ita kuma ta yi matasan kai da shi. Akwai ma wanda ya yi kama da halinka sosai. Wani mutum ya zo wa Ibn Abbas ya ce da aikin hannunsa yake ci, kuma surori yake yi. Ibn Abbas ya gaya masa cewa wanda ya yi sura za a azabtar da shi har sai ya busa mata rai, kuma ba zai iya ba har abada. Mutumin ya firgita, fuskarsa ta yi fari fat, sai Ibn Abbas ya ce masa in dai ba makawa sai ya yi, to ya zana itatuwa da duk abin da ba shi da rai. A kan waɗannan ne Imamu Nawawi, wanda ya rasu a shekara ta 676 bayan hijira, ya ce yin surar mai rai haramun ne mai tsanani, tana da inuwa ko ba ta da ita, a tufa take ko a bango ko a kuɗi.

To me ya sa malamanmu na Malikiyya suka bambanta? Domin akwai wani hadisin, shi ma ingantacce, da ya zo da togaciya. A cikin Muwaɗɗa, Ubaidullahi ɗan Abdullahi ɗan Utba ya je duba Abu Ɗalha Al-Ansari ba shi da lafiya, ya tarar da Sahlu ɗan Hunaif a wurinsa. Abu Ɗalha ya sa a janye wata shimfiɗa da ke ƙarƙashinsa saboda tana da surori. Sahlu ya ce masa: ashe Manzon Allah bai ce sai dai abin da yake zane ne a jikin tufa ba? Abu Ɗalha ya ce haka ne, amma cire ta ya fi kwanta masa a rai. Ka lura da wannan amsa da kyau, domin duk mas'alarka tana cikinta. Bai musanta rangwamen ba, kuma bai ɗauke shi ba. Wannan togaciya ta zo a Buhari da Muslim ta hanyar Zaidu ɗan Halid. Haka nan an ruwaito cewa Alƙasim ɗan Muhammad, jikan Sayyidina Abubakar, ɗaya daga cikin manyan fakihai bakwai na Madina, wanda ya tashi a hannun gwaggonsa Nana A'isha, an ga labule mai surorin dabbobi a gidansa. Nawawi ya kira wannan ra'ayi ɓatacce, amma Ibn Hajar a Fathul Bari bai yarda da wannan kalma ba, ya ce isnadin labarin Alƙasim ingantacce ne, kuma mutum irinsa ba zai aikata haka ba da bai fahimci rangwame ba.

Daga nan ne Ibn Abi Zaid ya ce a Risala, littafin da kusan kowane almajiri a zaurukan Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, ya bi ta kansa, ana karhanta surori a gadaje da bangaye da zobe, zane a tufa ba ya cikin wannan, amma barinsa ya fi kyau. Shehu Dardir, wanda ya rasu a 1201 bayan hijira, ya tsara maganar a sharhinsa na Muhtasar Halil, a babin walima. Surar da ta haramta ita ce ta mutum ko dabba, mai jiki wadda ke jefa inuwa, mai cikakkun gaɓoɓi. Wadda ba ta da inuwa, kamar wadda aka zana a bango ko takarda, makaruhi ce idan ba a wulaƙanta ta ba. Idan kuwa ana taka ta ko ana zama a kanta, kamar ta jikin shimfiɗa, to saɓa wa abin da ya fi ne kawai.

Inuwar da ake nufi ita ce wadda abu mai jiki yake jefawa a ƙasa idan rana ta buge shi, kamar gunki na laka ko na itace. Inuwar da kake murzawa da yatsa a ƙarƙashin tozon sa don ya fito kamar zai yi motsi, wannan launi ne a kan shafaffiyar takarda, ba ta canza hukunci. Girman takardar ma bai canza shi ba. Kada kuma wani ya ce maka tunda fastel gari ne da ake haɗawa da ɗan ƙaro, yatsa ma na goge shi, to ya shiga saɓanin abin da ba ya daɗewa. Wancan saɓanin a kan surar da aka yi da ƙullu ko ɓawon kankana ne. Zanen da aka fesa wa maganin riƙe launi aka sa a bayan gilashi don ya daɗe aka yi shi.

Ba zan ɓoye maka ba, a cikin gidan Malikiyya ma akwai mai tsanantawa. Alƙali Abubakar Ibnul Arabi, wanda ya rasu a 543, ya kawo maganganu huɗu a kan zanen da ba shi da jiki, ya rinjayar da cewa idan surar tana nan cikakkiya haramun ce, idan an yanke kai ko an rarraba gaɓoɓi ta halatta. Abin da nake ba ka fatawa da shi shi ne mashhuri, wato karhanci. Makaruhi kuwa ba a rubuta wa mai yinsa zunubi, amma mai barinsa don Allah yana da lada. Kada ka ji kalmar ka ɗauka an ce maka ka saki jiki.

Yanzu ga inda nake so ka fi tsayawa. Ba na jin tsoron zanenka na shanu. Allah da kansa ya ce a Suratun Nahli, aya ta 6, akwai ƙawa gare mu a cikin dabbobin ni'ima lokacin da muke dawo da su da yamma da lokacin da muke kora su kiwo. Wanda ya tsaya ya dubi tunkiya uda, gabanta baƙi ko ja, bayanta fari kamar an raba da zare, ko jan san Bororo da dogayen ƙahoninsa yana tafe cikin ƙurar yamma, ya ji girman Mahalicci a zuciyarsa, bai yi laifi ba. Babu wanda zai durƙusa wa zanen jar akuyar Maraɗi. Sai dai ka tsare niyyarka da harshenka, kada ka taɓa jin cewa kana gasa da halittar Allah, kada kuma ka yarda masu yabo su ce saura rai kawai. Wannan ita ce ma'anar da hadisan azaba suka ambata ƙarara.

Tsorona yana wajen mutane. Shirka ta farko a bayan ƙasa ta hanyar surar salihai ta shigo. Gumakan nan, Wadda da Suwa'a da Yagusa da Ya'uƙa da Nasra, da aka ambata a Suratu Nuhu aya ta 23, Ibn Abbas ya ce sunayen mutanen kirki ne. Da suka mutu aka kafa musu alamu a majalisunsu don tunawa, da wannan zuriya ta shuɗe ilmi ya gushe sai aka bauta musu. Saboda haka duk wanda ya zo maka da kuɗi, komai yawansu, ya ce ka zana masa shehinsa ko malaminsa ko wani waliyyi a babbar takarda don ya rataye a ɗaki yana shafa yana neman albarka, ka mayar masa da kuɗinsa. Wannan haramun ne ko da takarda ce, domin illar da aka hana sura saboda ita ta tabbata. Zanen annabawa da mala'iku da sahabbai kuwa babu maganarsa ma. Mutanen garin nan ba su manta da Janairun 2015 ba, da rayuka da dukiyar da aka yi asara bayan zanen ɓatanci da wata jarida ta buga a Faransa.

Sai matan da kake zanawa. Al'aurar mace a gaban namijin da ba muharraminta ba, a mazhabarmu, duk jikinta ne ban da fuska da tafukan hannu. Mai tallar nono da ka gani kafaɗarta a buɗe saboda zafin rana da nauyin ƙwarya, ba ka da damar ɗauke wannan hali nata ka kafa a bango maza su yi layi suna kallo. Wannan haramun ne. Gyaransa kuma yana da sauƙi a irin allinka, ka ɗora mata mayafi a cikin zanen. Idan kuma fuskar wani takamaiman mutum ce wanda za a gane, mace ko namiji, sai da izininsa, macen aure kuma har da sanin mijinta. Makiyayi talaka yana da mutunci daidai da na attajirin Sabon Gari. Kada a zana shi ta hanyar da za a yi masa dariya, kada kuma a sayar da kamanninsa bai sani ba.

In kana son kusantar fita daga saɓani ba tare da ka bar sana'arka ba, akwai hanyoyi. Ka zana garke daga nesa inda fuskoki ba su fito ba, ko makiyayi ya ba da baya da sandarsa a kafaɗa, ko rabin jiki wanda ba a rayuwa da shi. Ibn Ƙudama na Hanbaliyya ya ce surar da aka cire mata abin da rai ba ya zama sai da shi, kamar ƙirji ko ciki, ba ta shiga hani. Ga kuma duwatsun Birni, da rumbuna, da gonakin Mirya, da zayyanar da magina suka yi a fuskar tsofaffin gidajenmu, wadda baƙi ke zuwa daga nesa don su gani alhali babu mai rai a cikinta. Wannan duka halal ne a wurin kowa, kuma shi ne abin da Ibn Abbas ya nuna wa mai tambayarsa.

Baje kolin hukuncinsa na bin hukuncin abin da aka baje. Idan zanen ya tsira daga abin da na ambata, nuna shi da sayar da shi sun halatta tare da karhancin rataya. Kada ya zama a masallaci ko a wurin da ake salla ana fuskantar zanen, a rufe zauren idan an kira salla, kuma a tsara shiga yadda maza da mata ba za su cakuɗe suna gogayya ba.

Maganar mala'iku kuwa, hadisin ya inganta, kuma malamai sun ce mala'ikun rahama ake nufi, ban da masu rubuta ayyuka. Haɗɗabi yana ganin surar da aka haramta ajiyewa ce ke hana su, Nawawi yana ganin kowace sura ce. Tunda abin albarkar gida ne, ka ɗauki mafi tsari. Kada ka rataye su a ɗakin kwananka ko inda kake salla da karatu. Ka ajiye su a kwance, da takarda tsakanin kowane biyu, a rufe. Dama haka masu wannan alli suke ajiye aikinsu don kada launin ya goge. Ka kuma daina hure garin allin da baki a rufaffen ɗaki, domin wasu launukan ana haɗa su da sinadarai masu cutar da huhu, jikinka kuwa amana ne.

Ƙone su bai wajaba a kanka ba, kuma an hana tozarta dukiya. Amma baffa uba ne, Manzon Allah (SAW) ya ce baffan mutum tamkar mahaifinsa ne, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Kada ka je masa da wannan amsa kamar wanda ya ci shari'a. Ka sami wani dattijo mai ilmi da yake jin nauyinsa ku je tare, a buɗe masa Risala ya ga maganar da idonsa, ka nuna masa waɗanda ka gyara da waɗanda ka janye. Idan a gidansa kake zaune, kada ka rataye ko ɗaya a ciki. Idan bayan haka ya tsaya a kan ra'ayin jumhuru, wato mafi yawan malamai, ra'ayi ne mai ƙarfi, kada ka raina shi. Ka roƙe shi ya bar ka da shanu daga nesa da bishiyoyi da gine-gine, ka ajiye zanen fuskoki har Allah ya kawo fahimta tsakaninku.

Allah ne mafi sani.