Tambaya da Amsa: Ƙwararren sau ɗaya ya ga yarona, mataimakiya ce ke yin komai

Saƙonni uku ne suka shigo wannan makon a kan batu ɗaya, wato aikin mataimakan ƙwararrun gyaran magana da na gwajin ji, kowa ta nasa ɓangaren, sai na ga gara in haɗa su wuri guda.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah ina neman shawara. Yarona shekararsa huɗu amma maganarsa ba ta fita sosai, mu na gida ne kawai ke gane abin da yake faɗa. Mun kai shi wata cibiya mai zaman kanta, ranar farko ƙwararren ya duba shi ya yi rubuce-rubuce, to tun daga ranar wata budurwa ce ke zama da shi, yau wata biyar kenan ban sake ganin mutumin ya shigo ɗakin ba. Yarinyar tana da haƙuri wallahi kuma yaron na sonta, amma hotunan da aka fara da su har yau su ake nuna masa. Cutata ake yi ko haka tsarin yake? Daga wata uwa a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya mana shi. Zaman da mataimakiya ke yi da shi ba cuta ba ne, haka ake yi har a ƙasashen da suka fi mu yawan ma'aikata, balle mu nan. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar kan ji a 2021, ta ce a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, rukunin da Nijar da Cadi ke ciki, kashi 93 cikin ɗari ba su da ko ƙwararren ji ɗaya ga mutum miliyan, kuma kashi 17 ne kacal ke da ƙwararren magana ɗaya ko fiye ga mutum miliyan. Shi ya sa hukumar da kanta take cewa a horar da ƙananan ma'aikata a raba musu aikin. In aka ce sai ƙwararre ne zai zauna da kowane yaro to wani sai ya shiga firamare layi bai zo kansa ba.

Inda matsalar take shi ne wata biyar ɗin nan. Kin san shagon tela, yaro na iya zama kan keke ya yi ɗinki mai kyau, amma awo da yanka na maigida ne, kuma kafin kaya su fita sai ya ɗaga ya duba. To haka aikin nan yake. Ƙwararre ne ke gano mene ne matsalar, shi ke rubuta tsarin da za a bi, shi ke canza shi in an ci gaba ko in an tsaya cik, shi ke cewa an gama. Mataimakiya aikinta ta bi tsarin, ta maimaita da yaro, ta rubuta sau nawa ya faɗi daidai cikin goma, ta kai wa mai kula da ita. Ba ta da hurumin canza tsarin, kin ga kenan in hotuna ba su canza ba wata biyar ba lallai laifinta ba ne, wataƙila ma iyakarta ta tsaya, wanda ya kamata ya zo ya ce a matsa gaba ne bai zo ba.

A Amurka ƙungiyar masu wannan sana'a, ASHA, ta fara ba mataimaka satifiket nata a 2020, kuma a ƙa'idarta ta 2022 ta ce dole ƙwararre ya ga kowane mai jinya da kansa aƙalla sau ɗaya cikin kwana 30 zuwa 60. Wannan ba dokar Najeriya ba ce, na kawo ta ne don ki samu abin auna wata biyar ɗinki da shi.

Kuma akwai abin da ido mai horo ke kamawa a minti goma wanda mai ƙirga daidai da kuskure zai iya shekara bai lura ba. Yaro na ce wa kaza "taza", ƙofa "tofa", wannan sananne ne a ƙananan yara, harshe ne ke zuwa gaba maimakon baya, ana gyarawa da atisaye. Amma in yana ce wa sabulu "abulu", shayi "ayi", kuma kika ga kullum bakin mai magana yake kallo, in an kira shi ta baya sai an ɗaga murya, to nan hankalin ƙwararre zai koma kan kunne, domin sautuka irin su s da sh da f sirara ne, su ke fara ɓacewa yaron da jinsa ya ragu. Ba ki faɗa min ko an gwada jinsa ba. In ba a yi ba a fara da wannan tun kafin zama na gaba, musamman in ya taɓa yin sanƙarau ko ƙyanda ko shawara mai tsanani yana jariri, ko kunnensa na yawan zubar da ruwa.

Wani abin kuma da ke ci min tuwo a ƙwarya, kayan aikin da yawa daga waje ake sauko da su, sai ka ga an zaunar da yaron da Hausa yake ji a gida ana nuna masa hoton dusar ƙanƙara ana so ya faɗi sunanta da Turanci. Ko yaro ɗan Sakkwato ya ce "hita" ko "hwara" a rubuta masa kuskure, alhali haka babansa da kakansa ke faɗa. Raba karin harshe da lalura aikin ƙwararre ne, ba a barin sa hannun wanda bai karanta ba.

Ki je ki nemi ganinsa Hajiya, cikin mutunci, ba faɗa ba. Ki ce a nuna miki tsarin a rubuce, me ake so yaron ya iya nan da wata uku, yaushe aka duba fayil ɗinsa na ƙarshe, kuma yaushe zai shigo ya zauna ya ga zaman da idonsa. Ki tambayi lasisinsa ma ba rashin kunya ba ne, a Najeriya hukumar MRTB, wadda aka kafa da doka mai lamba 38 ta 1988, ita ke yi wa masu gashin ƙashi da ƙwararrun magana da na ji rijista. Mai lasisi ba ya jin haushin a tambaye shi.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ma'aikacin lafiya ne, an koya min amfani da na'urar gwajin ji a wani kilinik, oganmu sai Asabar yake zuwa wani lokacin ma ba ya zuwa. Mutane in na gama gwaji sai su tsare ni in faɗa musu sakamako, kuma an ce in na ga mutum bai ji sosai in ba shi na'urar ji ya saya. Ina tsoron in yi kuskure amma kuma ina tsoron rasa aikina. Daga wani matashi a Zariya.

AMSA: Ƙanena tsoron nan naka shi ya nuna min kai mutumin kirki ne, kar ka yar da shi. Danna maɓalli da rubuta inda mutum ya ɗaga hannu, wannan za ka iya in an horar da kai. Amma karanta takardar ka ce wa mutum ga abin da ke damunka, wannan ba naka ba ne, domin layi iri ɗaya a takarda na iya zama dattin kunne ne ya toshe, ko ruwa ne a bayan dodon kunne, ko jijiya ce ta lalace, kuma kowanne maganinsa daban. Ka sayar wa mai dattin kunne na'ura ta dubban nairori alhali wanke kunne kawai yake buƙata, ka ga an ci haƙƙinsa. Yaro kuwa kar ma ka fara, na'urar da aka saita ta wuce ƙima tana iya ƙarasa ɗan jin da ya rage masa.

In suka tsare ka ce musu, "Baba ni gwajin na ɗauka, mai karantawa zai zo Asabar, zan kira ku." Ba ƙasƙanci ba ne. Haka in jariri kake tantancewa na'ura ta nuna bai wuce ba, kar ka ce wa uwa ɗanta kurma ne, sau da yawa ruwan haihuwa ne bai gama bushewa a kunnen ba ko yaron ya yi motsi, abin da ake cewa shi ne a dawo a sake. Amma fa ka tabbata sun dawo, domin tsarin da ake bi shi ne a tantance kafin wata 1, a tabbatar kafin wata 3, a fara taimako kafin wata 6.

Akwai waɗanda ba a ce musu su jira Asabar. Wanda ya wayi gari kunne ɗaya ya ɗauke ɗif, wannan a ranar za ka tura shi wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro, kwanakin farko su ne ake iya ceto jin. Haka mai zubar da mugunya ko jini, da mai jiri, da mai kumburi a bayan kunne. Daga Zariya ma ba ka da nisa da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda gwamnatin tarayya ta kafa a 1999.

Sai abin da ke hannunka kai kaɗai. Kowace safiya ka sa abin sauraron na'urar gwajin a naka kunnen ka saurara, dama da hagu, ka ɗan motsa wayar ka ji ko tana yankewa, ka duba takardar da ke jikin na'urar yaushe aka daidaita ta, domin duk shekara ya kamata a yi. Kuma in janareta na ruri a bayan taga duk wanda ka gwada sai ya fito kamar mai matsala, ka rubuta a takardar cewa akwai hayaniya lokacin gwajin. Batun oga kuwa, ka samo littafi ka riƙa rubuta duk wanda ka gani da abin da ka yi, ka roƙe shi ya ware awa ɗaya duk sati ya bi ya sa hannu. In ya ƙi, littafin nan ne zai tsaya maka ranar da magana ta tashi.

TAMBAYA: Ni ƙwararriyar magana ce, ni kaɗai ce a wurinmu, marasa lafiya sun yi min yawa. Mataimaka nawa zan iya riƙewa, kuma kula ta waya ta wadatar?

AMSA: 'Yar'uwa sannu da ƙoƙari. ASHA ta tsaya a kan kar a wuce mataimaka uku masu cikakken aiki, ni kuma a ganina in ke kaɗai ce ki fara da ɗaya ki ga yadda lokacinki zai ɗauka, domin kulawar ma aiki ce, ba a sauran lokaci ake yin ta ba. Watannin farko ki yawaita zama a ɗakin, ki riƙe taki takardar ki ƙirga tare da mataimakiyar, in kun tashi ku gwada, in ke kin samu huɗu cikin goma ita ta samu tara to kunnenta bai gama horuwa ba tukuna.

Kiran bidiyo kai tsaye, kina gani kina ji kina iya tsayar da ita, wannan ana lissafa shi a kulawa ta kai tsaye. Amma ta kira ki da daddare ta ba ki labari, wannan rahoto ne kawai. Ki nemi izinin iyaye kafin a ɗauki yaro a bidiyo, kuma kar bidiyonsa ya shiga wani guruf na WhatsApp. Masu matsalar haɗiya bayan shanyewar ɓarin jiki kuwa ki riƙe su da kanki, ruwa cokali ɗaya in ya bi ta hanyar iska yana iya jawo ciwon huhu, waɗannan ko mataimakiya za ta taɓa su sai kina tsaye a wurin.