Hukuncin Bayar da Ragowar Ƙwan Dashen Ciki Domin Binciken Likitoci

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ni da maigidana mun daɗe ba mu haihu ba, sai da aka yi mana dashen ciki, wato haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji sannan a dasa a mahaifa, Allah ya ba mu tagwaye. Akwai ragowar ƙwai huɗu da aka haɗa da maniyyinsa, suna ajiye a daskare. Likita ya ce sake ɗaukar ciki haɗari ne gare ni. Yanzu an tambaye mu ko za mu bayar da su domin binciken ƙwayoyin tushe. Zuciyata ta ƙi natsuwa, ina jin kamar 'ya'yana zan miƙa a kashe. Mene ne hukunci?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. 'Yar'uwa, Allah ya raya miki tagwayenki. Wannan ɗar-ɗar da kike ji alamar imani ce, kada ki raina ta.

Bari mu fara sanin abin da ake magana a kai. Ƙwan da aka haɗa, idan ya kwana biyar ko shida, yakan zama 'yar ƙwallo da ba ta kai ɗigon alƙalami ba, mai ƙwayoyin halitta ɗari da 'yan kai. A cikinta akwai wani ɗan curi wanda ƙwayoyinsa za su iya rikiɗa su zama jijiya, tsoka, jini ko ƙashi. Su ne ƙwayoyin tushe. James Thomson na Jami'ar Wiskonsin a Amurka ne ya fara raya na ɗan'adam a ɗakin gwaji a 1998, kuma tun lokacin ake fatan a yi amfani da su wajen cututtuka irin su ciwon suga, makantar tsufa da raunin laka. Sai dai ba a ciro curin nan ba tare da ƙwan ya lalace ba. Nan gardamar take. Cocin Katolika na ɗaukar ƙwan a matsayin mutum tun ranar haɗuwa, don haka ya haramta wannan aiki. Mu kuwa Shari'armu ta yi wa halittar mutum matakai.

Allah ya ambaci matakan a Suratul Muminun, aya ta 12 zuwa 14: maniyyi, gudan jini, tsoka, ƙasusuwa, sannan ya ce ya mayar da shi wata halitta daban. Hadisin Ibn Mas'ud da ke cikin Buhari da Muslim ya sa mafi yawan malamai suka fahimci cewa ana busa rai bayan kwana 120, wasu kuma suka kafa hujja da hadisin Huzaifa bin Asid a Muslim suka tsaya a kan kwana arba'in da ɗoriya. Ko wanne kika ɗauka, ƙwan kwana biyar bai kai ba. Saboda haka ki cire batun kisan kai daga ranki. Babu diyya, babu kaffara.

Amma rashin rai ba ya nufin rashin alfarma. Malikawa su ne suka fi tsanantawa: Shehu Dardir ya ce bai halatta a fitar da maniyyin da ya samu a mahaifa ba ko da kafin kwana arba'in ne. Ki lura da kalmar mahaifa. Hukuncin a kanta aka rataya shi, kamar yadda ayar ta ce an sanya maniyyi a matabbata amintacciya. Abin da ke mahaifa, idan aka ƙyale shi, jariri zai zama da yardar Allah. Abin da ke cikin tulun sanyi kuwa, ko shekara ashirin ya yi, ba zai motsa ba sai an dasa shi, kuma ba ya halatta a dasa shi a cikin kowace mace sai ke, igiyar aurenku tana nan. Tun da likita ya hana ki, wannan ƙofa ta rufe.

Malaman zamani sun yi magana sau biyu. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1990, ta ce kada a haɗa ƙwai fiye da buƙata, idan kuma an samu ragowa a bar shi har ya mutu da kansa. Bayan shekara goma sha uku, a 2003, Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmi ta duniya, a Makka ta halatta ɗibar ƙwayoyin tushe daga ragowar ƙwan dashen ciki idan iyaye sun bayar, ta kuma haramta haɗa ƙwai da maniyyin masu bayarwa da gangan domin wannan, da zubar da ciki ba tare da uzuri ba, da kwafin halitta, wato samar da ƙwan da halittarsa kwafin ta wani mutum ce. Ni na karkata ga fatawar Makka. Ƙwan nan ƙarshensa lalacewa ne ko ta yaya, kuma lalacewar da za ta amfani mara lafiya ta fi wadda ba za ta amfani kowa ba, ga Manzon Allah (SAW) ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar mata da magani.

Don haka ya halatta ku bayar, da sharuɗɗa. Ku yarda ku biyu, ba tilas. Kada ku karɓi ko sisi, domin asalin ɗan'adam ba hajar kasuwa ba ce. Ki karanta takardar da za ki sa wa hannu layi-layi, ki tabbatar an rubuta cewa ba za a dasa ƙwan a cikin wata mace ba, domin wannan cakuɗa nasaba ne, kuma ba za a yi kwafin halitta da shi ba. Ki tambaye su dalilin da ya sa aikinsu ke buƙatar ƙwai. Tun 2007 Shinya Yamanaka na Japan ya nuna ana iya mayar da ƙwayar fatar baligi ta koma kamar ta tushe, har aka ba shi kyautar Nobel a 2012. Idan wannan hanya za ta wadatar da binciken, uzurin taɓa ƙwanku ya faɗi.

Idan kuma bayan duk wannan zuciyarki ba ta kwanta ba, bayarwar ba wajibi ba ce. Ku nemi a fitar da su daga sanyi a bar su, ba ku da laifi. Allah ne mafi sani.