Ku tambayi Kawu: mazaunin madubin fistol ta hannu, da masu son banza

Assalamu alaikum jama'a. Satin nan saƙonninku kusan duk kan abu guda sunka taru, fistol ta gasa da madubin nan mai jan ɗigo da ake ɗora mata don saiti, ban san wa ya kunno muku wutar ba. Wasu tambayoyin na hankali ne, wasu kuwa sai dai Allah shi shirya. Bari mu fara da na nesa.

Tambaya: Kawu barka da hutawa. Ni ɗan Mabera ne amma na daɗe ina aiki a Houston ta Amurka, takarduna cikakku ne, kuma ina shiga gasar harbi ta kulob ɗinmu duk Asabar. Na sayi fistol CZ Shadow 2 ta hannu wurin dila mai lasisi. Tsohon mai ita ya cire madubinshi Leupold DeltaPoint Pro ya bar min farantin da madubin ke zama a kai, ni kuma Holosun 507C gare ni. Na ɗora, ramukan sukuru sun ƙi haɗuwa. Wani abokina ya ce mu huda sababbin ramuka a wuce wurin. Mi kaka gani?

Amsa: Ɗana, wanga aboki naka ku ci gaba da cin tuwo tare amma kar ka sake miƙa mishi bindigarka. Ba a hudawa. Kowane madubi da irin ƙafarshi, wato nisan ramukan sukuru da 'yan ƙusoshin da ke riƙe shi kar ya zame, DeltaPoint Pro ƙafarshi daban, shi kuma 507C ɗin naka ƙafar madubin Trijicon RMR gare shi, kamar dai ka ce sai ka ɗaura tayar Hilux a Golf, ko ka kwana kana dannawa noti ba zai hau ba. Abin da kake buƙata faranti ne na Shadow 2 mai ƙafar RMR, kuma kula, 507C na ce ba 507K ba, shi na biyun ƙarami ne ƙafarshi wata ce daban, mutane da yawa nan suke zubar da kuɗinsu.

Amma kafin ka sayi komi duba min abu guda. Cire magazin, wato gidan harsashi, cire harsashin da ke ciki, leƙa ciki da idonka sau biyu, sannan ka ɗaga tsohon farantin ka ga abin da ke ƙasa. In bindigar irin wadda kamfani ya fitar da gurbin faranti ce, ka huta, faranti kawai za ka canja. In kuwa tsohon mai ita ne ya kai anka sassaƙe mata kai daidai da ƙafar madubinshi to aiki ya canja, sai dai faranti na haɗi wanda zai ƙara ɗaga madubin sama kaɗan, ko kuma ka haƙura ka sayi madubi mai ƙafar da anka sassaƙa. Wannan shi ne sirrin kayan hannu, kana sayen ƙarfe ne haɗe da duk wautar wanda ya riga ka. Wani ma jan gam na Loctite ya zuba wa sukurun, wanda ba ya sakin jiki sai da zafi, kai kuma ka zo da ƙarfin tuwo ka murɗa, kan sukurun ya cinye, ka zauna kana kallonshi yana kallonka. In ka ji ya ƙi, dakata, ɗora mishi bakin ƙarfen soda ya ɗauki zafi tukun, kuma da makulli daidai girmanshi ba wanda ya kusa ba. In har yanzu ya ƙi ka kai wa mai gyaran bindiga, ai suna nan birjik inda kake.

Wurin ɗaurawa, goge ramukan da sifirit su rabu da mai da tsohon gam, in ka ga haƙoran cikin ramin sun lalace kar ka ci gaba. Sababbin sukuru za ka sa, waɗanda sunka zo da farantin, don tsawo na da muhimmanci, in ya yi gajere bai kama ba, in ya yi tsawo ya taɓo kayan ciki bindiga ta fara maƙale maka tsakiyar gasa. Gam shuɗi na Loctite, 242 ko 243, ɗigo guda ya isa. Ƙarfin ɗauri ka bi takardar kamfanin da makulli mai awo, shi 507C wajen inci-fam 15 ne, abin da ko yaro ɗan firamare zai wuce in ya dage, shi ya sa nike cewa a auna. Ka bar shi awa 24 gam ya kama, ka ja ɗan layi da fenti daga kan sukurun zuwa jikin madubin don in ya motsa ka gani, sannan ka koma fili ka sake saiti daga farko. Tsohon saiti ya tafi da tsohon faranti. Ka gaida iyali, kuma in za ka zo gida da Sallah kar ka kuskura ka jefo ko madubin cikin akwati, can akwai dokar fitar da irin waɗanga kaya, nan kuma kwastan na jiranka.

Tambaya: Kawu ni jami'in tsaro ne nan Sakkwato, anka sa ni cikin masu wakiltarmu a gasar harbi, fistol ɗin da anka ba ni ta ga jiya, mazaunin madubin na girgiza. Na ga wani a intanet madubi da mazauni duka naira dubu 35, an rubuta Trijicon a jiki. In saya in sa da kaina? Kuma ɗigon da nike gani ba zagaye ba ne, ya tarwatse kamar tauraro.

Amsa: Bindigar gwamnati ce ba taka ba, ka mayar wa mai kula da ma'ajiyar makamanku ya rubuta ya gyara, in ka taɓa da kanka wani abu ya faru kai za a tsayar. Ka kuma tambayi dokar gasar tun yanzu, don in irin ta Olamfik ce ba a yarda da madubi a fistol ba sam, saitin ƙarfe ake amfani da shi, masu madubi su ne irin gasar IPSC, wata ƙungiyar harbi ta duniya, su ma sai a rukunin da anka ware musu. Batun tauraro kuwa, rage hasken ɗigon sannan ka ɗauki hotonshi da waya, in ya fito zagaye a hoto to madubi lafiya lau, idonka ne, ka tai asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a auna ka.

Yanzu mu zo kan dubu 35 ɗin nan, don nan ne raina ke ɓaci. Trijicon RMR na gaske a Michigan ta Amurka ake yin shi, can ƙasarsu ma ya haura dala 400, ka tsaya wurin 'yan canji ka buga lissafin da kanka, sannan ka faɗa min wane waliyyi ne zai ɗauko shi ya biya jirgi ya biya kwastan ya ba ka a kuɗin da bai kai rabin buhun shinkafa mai kyau da cefane ba. Waɗanga na arha an yi su ne don bindigar wasa mai harba ƙwallon roba, suna da kama, suna da rubutu, har lamba suna da ita, don masu jabu sun koyi kwafar lamba. Abin da ba su da shi jimiri ne. Madubin fistol yana zaune ne kan sashen da ke fizgewa baya ya dawo duk harbi guda, duka yake sha ba ƙarami ba, kuɗin da kake biya na wanga jimirin ne ba na jan ɗigon ba, ɗigo ai ko fitilar Sin ta naira ɗari biyar tana yi.

Ni ma an taɓa yi min, shi ya sa nike zafi. Lokacin ina cikin kaki wani ɗan kasuwa da ba zan faɗi sunanshi ba ya kawo min guda cikin kwali mai kyau har da ɗan ƙyallen goge gilashi, ya rantse min da iyayenshi, na biya ina jin na ci banza. Munka tai fili da safe sanyin hunturu na kaɗawa, magazin na farko lafiya, ina cikin na biyu sai na ga ɗigon ya koma can kusurwa, na murɗa saitin ina jin ƙas ƙas amma ɗigon ko gezau, harbi uku bayan nan ya ɗauke gaba ɗaya. Da na kwance shi na girgiza kusa da kunne sai na ji wani abu na kaɗawa ciki kamar tsakuwa a gwangwani. Yaran da ke ƙarƙashina sunka juya baya wai suna duba takardar maki, kafaɗunsu kuwa na rawa. Kuma wallahi halinmu ne, ba a madubi kaɗai ba, batirin sola da za a cika da yashi ya yi nauyi mu saya, man juye na jabu mu zuba a inji, maganin feshi da ko ƙuda bai kashewa mu kai gona, caja kuwa duk wata sai an sayi sabuwa, in ka haɗa kuɗin cajojin shekara da ka sayi ta gaske sau biyu. In an ce mana wanga jabu ne sai mu ce ai duk ɗaya ne kamfani guda ke yi. Ba ɗaya ba ne. In kuɗinka bai kai na Trijicon ko Aimpoint na Suwidin ba, akwai Holosun, a Sin ake yin shi kuma da sunanshi yake yawo bai ari na kowa ba, wannan ya fi min mai rigar aro sau dubu. Shi ma ana jabunshi, don haka ta hannun ofishinku da dila sananne za a bi.

Tambaya: Kawu wani ya yi min tayin fistol ta gasa ta hannu, ya ce ta hanyar Illela ta shigo, arha ƙwarai, mazaunin ne kawai ya karye, mai walda zai iya liƙawa?

Amsa: Kai ko kunya. Ana zaman makoki a Sabon Birni da Isa da Rabah kai kana tambayata walda. A dokar makamai ta 1959 fistol na cikin haramtattun bindigogi, ko Sufeto Janar ba shi ke ba da lasisinta ba sai shugaban ƙasa, wanda anka kama da ita ba izini shekara 10 ce mafi ƙaranci, kuma ba ka san kan wa anka ɗana ta ba kafin ta iso gare ka. Ba ni da shawarar mazauni da zan ba ka. Ka rabu da mutumen, in kana da zuciya ka kai rahotonshi.

Tambaya: Kawu ni uwa ce a Arkilla, ɗana shekararshi 17, kullum yana kallon bidiyon gasar harbi, yanzu ya fara tara kuɗi wai zai sayi madubi da mazauni tun kafin bindiga. Wallahi ko barci ba ni yi, ina tsoron halin da ake ciki.

Amsa: Hajiya kwantar da hankalinki, Allah shi raya miki shi. Yaron da ke faɗa wa uwarshi abin da yake tara wa kuɗi ba shi ne abin tsoro ba, kuma harbi wasa ne da ake ba da lambar zinare kanshi a duniya. Sai dai kar ki bari ya sayi komi, madubi ba bindiga ɓarnar kuɗi ne, kuma in anka tare shi a shingen bincike da shi cikin jaka bayanin zai yi tsawo. Masu farawa da bindigar iska suke farawa, nisan mita 10, ɗan ƙaramin dalma mai milimita 4.5, ba madubi ko guda, ita ma a dokarmu sai da lasisin 'yan sanda. Ki sa babanshi ko kawunshi ya kai shi ma'aikatar wasanni ta jiha su tambayi yadda ake shiga ta hannun hukuma, da mai koyarwa da filin da anka amince da shi. Kuɗin da ya tara kuwa ki riƙe mishi a wurinki, in ya matsa ki ce Kawu ne ya ce, ya rubuto min da kanshi mu yi magana.