Hukuncin Sare Bishiyar Sumak Da Ta Ɓulla Gidan Maƙwabci

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a jihar Ohayo ta Amurka. Na tarar da bishiyar sumak a bayan gidan da na saya, mai jajayen 'ya'ya a tsaye. Yanzu saiwarta ta bi ta ƙarƙashin shinge tana toho a gidan maƙwabcina, wanda ba Musulmi ba ne, ya yi mini magana har sau biyu. Ni kuma da na share ciyayin gindinta sai hannuwana suka feso da ƙuraje, ruwan alwala na yi mini zafi. Na ji an ce akwai hadisin da ya hana sare bishiya. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba ka lafiya.

Hadisin da ka ji na Abu Dawuda ne, kuma a kan magarya ya zo. Shi da kansa ya yi bayanin cewa ana nufin wanda ya sare magaryar daji, wadda matafiya da dabbobi ke shan inuwarta, don wasa da zalunci. Taka ba ta shiga nan ba. Hasali ma Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ga wani mutum yana walawa a Aljanna saboda bishiyar da ya sare a kan hanya tana cutar da mutane.

Amma kafin hukunci a san bishiyar, domin sunan sumak ya haɗa iri-iri. Wadda ka siffanta, mai jajayen 'ya'ya a tsaye da reshe mai gashi-gashi kamar sabon ƙahon barewa, ba ita ce mai dafi ba. Laifinta yaɗuwa ne: saiwarta na tafiya a ƙasa tana fitar da sabon toho nesa da uwar, in ka sare kututture ka bar saiwa sai ta ƙara tohowa. Mai dafin a fadama take fitowa, 'ya'yanta farare ne masu reto, ganyenta 7 zuwa 13 a kara ɗaya, bakinsa sumul. A jikinta akwai wani mai da ake kira urushiyol, shi ke kawo ƙaiƙayi da bororo bayan kwana ɗaya zuwa uku. Duk wanda ya taɓa gasa ƙwallon yazawa ruwan ɓawon ya ɗiga masa ya san irin abin, don danginsu ɗaya da yazawa da mangwaro. Zatona ƙurajenka daga wani tsiro mai yaɗo ne, ɗan'uwan mai dafin, da ya ɓuya cikin ciyayin, amma wannan likita da ma'aikacin gona za su tabbatar, ba ni ba. Ita kuwa sumak ɗin da Larabawa da Turkawa ke barbaɗawa a abinci wani iri ne daban, halal ce.

To, batun maƙwabci. Asali shi ne faɗin Annabi (SAW), "Babu cuta babu cutarwa", kamar yadda Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa. A kansa malamanmu na Malikiyya suka hukunta cewa ana sare abin da ya cutar da katangar maƙwabci daga bishiya idan bayan ginin aka dasa ta, idan kuma ta riga ginin akwai magana biyu. Abin da na fi natsuwa da shi a mas'alarka shi ne wajibcin kawar da cutar, domin ko da uwar tsohuwa ce, tohon da ke ɓulla masa kullum sabo ne. Kasancewar ba kai ka dasa ba bai sauke maka ba, mulkinka ce tun ranar da ka biya kuɗin gidan. Addininsa ma bai rage masa haƙƙin maƙwabtaka ba. Tunda ya sanar da kai, ɓarnar da ta biyo bayan sakacinka kai za ka lamunce ta. In za ka iya tare saiwar da shingen ƙarƙashin ƙasa cutar ta tsaya, ba dole sai ka cire uwar ba. In ba za ta tsaya ba, ka tumɓuke ta har saiwa. Kada dai ka shiga gidansa da adda sai da izininsa.

Abu ɗaya nake hana ka da ƙarfi: kada ka tara ciyayin nan ka cinna musu wuta kamar yadda muke yi wa sharar gona a gida. Man urushiyol ɗin nan yana bin hayaƙi ya shiga huhu, naka da na maƙwabta, wannan haramun ne ga wanda ya sani. Ka sa safar hannu da riga mai dogon hannu, ka wanke kayan aikin da sabulu, don man yana daɗewa a jikinsu.

Alwala kuwa, in zafin na ɗan raɗaɗi ne kawai, ka wanke. In ruwa na ƙara ciwon ko jinkirta warkewa, ka shafa a kan wurin sau ɗaya, in shafar ma na cutarwa ka ɗaura bandeji ka shafa a kansa, ka wanke sauran gaɓɓai. Sallarka ta yi, babu ramuwa.

Wallahu a'alam.