Akwatin Tambaya: Oga ya shirya da abokin gaba, mu ina muka tsaya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lahiya. Ni kayan babur nike saidawa nan Gusau. Na ji a rediyo wai a Afirka ta Kudu jam'iyyar Mandela ta kasa cin zaɓe ita kaɗai, sai ta koma ta haɗa gwamnati da jam'iyyar da ake ce ma ta fararen fata, alhali sun yi ta zagin juna lokacin kamfen. Malam wanga ba yaudara ba ce? Don abin ya tuno min da namu, zaɓen da ya wuce mu munka sha rana muna manna fosta, har da ƙanen matata munka daina gaisawa don shi ɗan wancan ɓangaren ne, ko sunan ɗiyarshi ban tai ba, yanzu ga oga can shi da wanda munka yi ta zagi dominshi suna cin abinci tare ana ɗaukarsu hoto, mu ko har yau ba mu shirya ba. Ba duk kanwar ja ce ba?
— Daga wani mai karatu, Gusau

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin mu tafi Afirka ta Kudu, don Allah ka riƙe ɗan turmi da sabulu ka je ka ga jaririyar nan, wannan ba sai jam'iyya ta yi taro ba.

Su can ba a zaɓen shugaban ƙasa kai tsaye kamar mu, majalisa ake zaɓa mai kujera 400 sai ita ta zaɓi shugaba. A zaɓen watan Mayun 2024 ANC, jam'iyyar Mandela, ta tashi da kujera 159, karo na farko tun 1994 da ta kasa kai rabi. DA, wadda ake ce wa ta fararen fatan, ta samu 87, MK ta Jacob Zuma 58, EFF ta Julius Malema 39. Yi lissafin da kanka kai ɗan kasuwa ne, ko da ANC ta jawo EFF 198 ke nan, ba su kai 201 ba, su kuma mutanen Zuma sun ce ba ruwansu da ANC muddin shugabanta Cyril Ramaphosa ne a gaba. To ina za ta? Masu ƙuri'a ne da kansu suka raba kujerun ta yadda babu mai iya mulki shi kaɗai. Aka zauna aka sa hannu a takarda, majalisa ta sake zaɓen Ramaphosa a watan Yuni, DA ta karɓi ministoci 6, shugabanta a lokacin John Steenhuisen ya zama ministan noma.

Amma DA ba ta narke cikin ANC ba, tana nan da sunanta da tutarta. A 2025 da ministan kuɗi ya kawo ƙarin harajin VAT, DA tana cikin gwamnatin ta ƙi yarda har ta kai ƙara kotu, ƙarshe aka janye ƙarin. Wanda ya ba DA ƙuri'a zai iya nuna abu ɗaya ya ce ga abin da ƙuri'ata ta hana. Kai fa, da ogan naka ya koma can, da me ya tafi in ban da jikinsa da motocinsa? Akwai takardar da aka rubuta cewa za a gyara muku hanya ko a kawo taki da wuri ko a ƙaro jami'an tsaro a ƙauyenku? A nan bambancin yake a ganina, can jam'iyya ce ke ciniki da alƙawarin da ta yi wa jama'a, nan mutum ɗaya ne ke cinikin kansa.

Ba wai na can ba sa cin amana ba ne. A Ingila a 2010 jam'iyyar Lib Dem ta Nick Clegg ta yi alƙawarin ba za ta yarda a ƙara kuɗin jami'a ba, ta shiga gwamnati da David Cameron, aka ɗaga kuɗin har fam 9,000 a shekara da hannunta a ciki. Ɗalibai ba su manta ba. Daga kujera 57 sai ga ta da 8 a 2015.

Kuma kar ka raina mutanen Zamfara a wannan fannin. Mahmuda Aliyu Shinkafi ya ci gwamna a ANPP a 2007, ya koma PDP, 2011 Abdul'aziz Yari ya kayar da shi. Bello Matawalle ya hau a PDP a 2019 bayan Kotun Ƙoli ta soke ƙuri'un APC, a watan Yunin 2021 ya koma APC ɗin, 2023 Dauda Lawal ya kayar da shi. Ban ce sauya sheƙar ce kaɗai ta kai su ƙasa ba, akwai matsalar tsaro da rigingimun cikin gida, amma dai sau biyu ke nan, kuma na san akwai masu karanta wannan da hannunsu a ciki.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni tsohuwar malamar firamare ce, na yi ritaya. Yara na ta maganar haɗaka haɗaka kamar yau aka fara, ni kam ina tuna mahaifina Allah ya jiƙanshi yana ba da labarin NPC da NCNC. Shin ba irin wannan ce anka yi ba zamanin Tafawa Ɓalewa? Kuma mi ya hana a koma ma tsarin, ko a samu a rage wanga faɗa na wanda ya ci ya kwashe duka?
— Hajiya, Argungu

AMSA: Ranki ya daɗe Hajiya, Allah ya jiƙan Baba, gaskiyarsa. Zaɓen Disambar 1959 ba wanda ya samu rinjaye a kujeru 312, NPC ce kan gaba sai ta haɗa da NCNC, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya riƙe firaminista, Zik ya zama gwamna janar a 1960, Awolowo ya ja adawa. Waɗanda abin ya fi yi wa ciwo 'yan NEPU ne, don NCNC ƙawarsu ce tare suka shiga zaɓe, mutanen da suka sha ɗauri a kotunan En'e saboda adawa da NPC sai ga shi sun wayi gari ƙawar tasu na gwamnati ɗaya da NPC ɗin. Kin ga kukan ɗan'uwanmu na Gusau ba sabo ba ne.

Ko da muka koma tsarin shugaban ƙasa a 1979 an sake gwadawa, NPN ta Shehu Shagari ba ta da rinjaye a majalisa sai ta ƙulla yarjejeniya da NPP, aka ba NPP ministoci da kujerar kakakin majalisar wakilai, 1981 abin ya watse. Umaru 'Yar'aduwa ma ya gayyato ANPP cikin gwamnatin haɗin kan ƙasa a 2007, shugabannin jam'iyya suka shiga, ɗan takararta Buhari ya ce shi kotu zai ci gaba da zuwa, daga baya ma ya bar musu jam'iyyar ya tafi CPC.

Maganar komawa tsarin firaminista kuwa Hajiya ni ina ɗari-ɗari. Maƙwabtanmu na Nijar, da ke tsallaken Kamba kawai, sun yi mai kama da shi, a 1993 ƙawancen jam'iyyu ya ɗora Mahamane Ousmane, PNDS ta Issoufou ta fice a 1994, aka sake zaɓen majalisa 'yan adawa suka yi rinjaye Hama Amadou ya zama firaminista, shugaba da firaministansa suka yi ta kai ruwa rana har a kan wa zai kira taron ministoci, watan Janairun 1996 Bare Mainasara ya yi juyin mulki ya kwashe su duka. Inda ɗan majalisa zai iya kwana a jam'iyya ɗaya ya tashi a wata, gwamnatin da ranta ke hannun 'yan majalisa ba za ta yi barci ba.

TAMBAYA: Malam wai da gaske ne akwai ƙasar da ta fi shekara ba gwamnati suna ta cinikin haɗaka? To wa ke biyan albashi?
— Ɗalibi, Ƙauran Namoda

AMSA: Da gaske ne ƙanena, Beljiyam ce, kwana 541 bayan zaɓen 2010, masu yaren Faransanci da masu yaren Holanci suka kasa jituwa sai Disambar 2011 aka rantsar da Elio Di Rupo. Tsohuwar gwamnati ce ta ci gaba da riƙon ƙwarya, ba ta da ikon ɓullo da manyan sabbin abubuwa amma albashi da fansho suna fita, jiragen ƙasa na tafiya, yara na zuwa makaranta. Masu tambaya kan kuɗin taki da rancen noma ku yi haƙuri, fili ya ƙare, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.